Gwaggo a Bayan Doki

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo ta riga mu. Da hantsi ne, tana zaune a kan tabarmarta tana tsintar wake, ta ce wa jikanyar wana ta miƙo mata ruwa. Kafin yarinyar ta dawo da moɗa, Mai abu Ya karɓi abinSa. Na san in da za a tambaye ta, waken nan kaɗai za ta ji haushin bari, domin tun da nake da ita ban taɓa ganin ta tashi daga kan aiki ba ta gama shi ba.

Ina Zariya aka yi mini waya. Na iso ƙauyenmu, nan kusa da Nasarawan Doya, an riga an yi mata sutura ana jiran a ɗauka. Kwanakin zaman makoki ƙofar gidanmu ba ta rabu da jama'a ba. An zo daga Hunkuyi inda ta yi aure, an zo daga Kudan da Ikara, wasu ma ban san ta inda suka san ta ba. A cikin gida wata tsohuwa, ƙawarta tun suna 'yan mata, ta share hawaye ta ce, "To yanzu wa zai riƙa yi mana faɗa?" Liman kuwa cewa ya yi, "Marigayiya ba ta da zaƙin baki, amma ba ka taɓa rabuwa da ita kana shakkar inda ka tsaya. Allah Ya gafarta mata." Kowa ya ce amin da ƙarfi, har da waɗanda na san sun sha zafin bakin nata.

Ranar sadakar uku wani dattijo ya sauko daga kan babur da kyar, jikansa na riƙe da shi. Sai da ya yi sallama na gane muryar. Malamin ajinmu ne na firamare, Kirista, mutumin kudancin Kaduna, wanda ya yi shekaru a garinmu kafin ya koma gida. Ya zauna a gefen tabarma ya yi mana gaisuwa tiryan-tiryan, ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, sannan ya sunkuyar da kai ya daɗe bai ɗago ba. Muna cikin haka wani tsohon ɗan kasuwa da ke sayen mazarƙwaila a wurinmu tun ina yaro ya dubi jama'a ya ce, "Wai ita ce dai wadda ta kori doki?"

Dattawa suka yi murmushi. Samarin gidanmu kuwa suka kwashe da dariya, sun ɗauka zolaya ce irin ta tsofaffi. Raina ya sosu. Ashe a gidan da abin ya faru an haifi yara har sun yi gemu ba su san labarin ba. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, kuma ba zan tashi ba sai na kai ƙarshe, don kuwa haka ta koya mini.

Gwaggo yayar mahaifina ce, ciki ɗaya. Mijinta ya rasu a Hunkuyi, 'ya'yan da ta haifa ba wanda ya yi kwana a duniya, sai ta dawo gidan ƙanenta aka ba ta ɗakin da ke kusa da zaure. Da aka yaye ni aka kai ni ɗakinta, ban sake fita ba. Sunan mahaifinsu aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai Maisuna. Baba kuwa, Allah Ya jiƙansa, duk gari Malam ake ce masa, amma a bakin Gwaggo shi Auta ne, ko a gaban baƙi. Yakan ɓata rai, ita kuma ko a jikinta.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, ba ƙaunar boko Gwaggo take yi ba. Shekarar da aka bi gida-gida ana ɗibar yara a sa su boko, tana jin muryar mai unguwa a zaure ta sungume ni ta zura cikin rumbu, ta ce in na yi tari sai ta yanka ni. Baba ne ya zaro ni, jikina duk ƙaiƙayi, ya ce zamani ya zo, ɗansa ba zai zauna a baya ba. Suka yi ta yi. Da ta ga ba za ta ci ba sai ta ce, "To Auta, na ji. Amma ka saurara. Ni ban ce a sa shi ba. In ka sa shi, ba mai cire shi sai ya gama." Baba ya ce ya yarda, cikin dariya ma ya faɗa.

Tun daga ranar karatuna ya zama aikin Gwaggo, kuma ta riƙe shi yadda take riƙe kowane aiki, ba sassauci. Ita ke tashina da asuba. In na yi nauyin barci ba ta ɓata bakinta, hannunta take tsomawa a randa ta shafa mini a wuya. Mu yi salla, in ɗauki allona in tafi zauren malamin allo. Rana na ɗagowa in dawo da gudu, in tarar da koko ta juye a kwano biyu tana sheƙa shi don ya huce. In kurɓa a tsaye, in sa kayan makaranta, in ɗora 'yar kujerata a ka, don bencinan aji sun daɗe da karyewa ba a kawo wasu ba, kowa da abin zamansa yake zuwa. Tsintsiya a hammata, guntun fensir ɗaure da zare a wuya. Gwaggo ce ta ƙirƙiro ɗaurin nan bayan na ɓatar da na farko, ta ce tunda ni akuya ne sai a yi mini irin na awaki.

Da azahar in dawo, in ci abin da ya samu, in yi salla, in kai wa tumaki harawa. Da la'asar in koma allo. Yaro ɗan Musulmi mai makaranta biyu ba shi da ranar da take tasa gaba ɗaya. Alhamis da Juma'a allo na hutu boko na nan, Asabar da Lahadi boko na hutu allo na nan, ga gona kuma ba ta san hutu ba. Na taɓa kai wa Gwaggo wannan ƙara. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ni wace rana ce tawa?"

Tana da wata al'ada da ban ga kowa na yi ba. Kullum da yamma sai na zauna gabanta na faɗa mata abin da aka koya mana, da Hausa, yadda za ta gane. In na kawo mata waƙar Turancin da muke rerawa a layin safe ta tambayi ma'anarta na kasa, sai ta ce, "Yau ba ka je makaranta ba, kujera ka kai yawo." Karatun allo ba ta gardama da shi, tana ma gyara mini inda na yi tuntuɓe a ƙananan surori. Boko kuwa sai an yi shari'a. Ranar da na ce mata malaminmu ya ce ƙasa juyawa take yi, ta ajiye ludayi ta ce in gaya masa randarta ta kwana cike da ruwa, ko ɗigo bai zube ba.

Ina aji biyar sojoji suka karɓi mulki, abubuwa kuma suka ƙara tsukewa. Sabulu ya zama abin nema. A Makarfi mutane kan wuni a layi don sukari da madara, soja na zagayawa da dorina. Gwaggo ta koma wanke mini kayan makaranta da sabulun salo, ta zuba garwashi a tsohuwar tasa ta goge su, har facin da ke gindin wando sai ya kwanta. A makaranta ma horon soja ya shigo. Da an buga ƙarfen da ke rataye a jikin mangwaro, duk wanda bai shiga layi ba sai ya sha bulala ya yi tsallen kwaɗo har bakin aji. Malaman da ke dukanmu a kan makara su kansu sun yi watanni ba albashi.

Wata rana na gaya wa Gwaggo malamin ajinmu ya zauna a kan tebur ya kifa kai, ya ce mu yi ta karanta abin da ke allo. Ta yi mini tambayoyi kamar alƙali, ta gano abin da ni ban gano ba. Washegari ta auna masara da daddawa da busasshiyar kuɓewa ta ɗora mini a kan kujerata, ta ce in kai wa matarsa. Matar ta zo godiya har ɗaki tana ta durƙuso. Gwaggo ta ce, "Ke tashi, ba don ku na yi ba. Mutum da yunwa zai koya wa Maisuna karatu rabi-rabi, ni kuma ba na son rabin abu." Haka ta ci gaba da aikawa har aka biya su. Daga baya matar ta zama 'yar ɗakinta, in sun zauna hira sai ka rantse tare suka tashi.

Shekarar da na shiga aji shida ita ce shekarar dokin. Gidanmu gidan rake ne. Da rani ya kama akan kafa inji a bakin fadama. Ƙarafa ne masu matse rake, da dogon itace a sama wanda ake ɗaura wa doki ya yi ta zagayawa. Mutum ɗaya na zaune yana cusa rake, ɗaya na gaban wuta yana juya ruwan a ƙaton kasko har ya yi kauri a zuba a ƙananan tasoshi ya daskare. Na ukun shi ne mai bin doki da tsumagiya, don in ba a bin sa tsayawa yake yi. Wannan aikin yara ne. A duk ƙasarmu ba a taɓa ganin magidanci a bayan doki ba, balle mace. Wanda ya yi kuwa, ya ba gari abin magana har jikokinsa.

A da Baba kan ɗauki yaro ɗan ƙodago. A shekarar nan abin ya gagara, don taki kaɗai ya cinye abin da ke hannunsa. Ga shi kuma da sukari ya ɓace a kantuna sai kasuwar mazarƙwaila ta buɗe, 'yan kasuwa har bakin fadama suke biyo ta. Wana, wanda ya gama sakandare ya sami aiki a masaƙa a Kaduna, an sallame su ya dawo gida da akwatinsa, shi ne aka ba wuta. Baba zai cusa rake. Saura mai bin doki.

A makon ne kuma hedimasta ya tsaya a layin safe ya ce duk ɗan aji shida da ya yi fashi a zangon nan ba za a kai shi Makarfi jarrabawar shiga sakandare ba. Kowa ya san ma'anar wannan. Yaron da aka cire don rake ba ya komawa.

Ranar Juma'a bayan la'asar Baba ya tsaya a ƙofar ɗakin Gwaggo ya yi sallama. Ina ciki ina wanke allo.

"Yaya, barka da yamma. Ya gajiya?"

"Babu gajiya, Auta. Shigo mana."

Bai shiga ba, ya tsuguna a bakin ƙofa. Ya ce daga Litinin zan riƙa bin su fadama. Ya yi bayani a tsanake, kuma gaskiya ba zan ce maganarsa ba ta da kan gado ba. Ya ce, "Ga wansa nan, ya yi karatun har ya gama, yau yana ina? Malaman ma masara kike aika musu. Wannan raken shi ne zai ciyar da gidan nan bana. Ya iya karanta wasiƙa, ya iya lissafi, ya isa."

Gwaggo ta bar shi ya gama. Sannan ta ce, "Wa ya zaro shi daga rumbu?"

"Yaya, wancan lokaci daban ne."

"Lokacin ne ya canja, ko bakin da ya yi alkawari? Kai mai mazarƙwaila ne. In ka ɗora ruwan rake ya fara tafasa ka sauke a tsakiya, me ka samu? Ba ya shawuwa, ba ya sayuwa. Haka kake so ka yi mini da yaro?"

Baba ya miƙe. Ya ce, "Ɗana ne, kuma na gama magana. Doki ba zai bi kansa ba."

"Wannan gaskiya ne," in ji Gwaggo. Ba ta ƙara ko kalma ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Kwana biyun nan ban ji daɗin tuwo ba. Ina son sakandare so mai tsanani. Na taɓa ganin 'yan makarantar kwana a tashar Makarfi da dogayen wanduna da akwatunan ƙarfe, na sa wa raina sai na zama ɗayansu. Amma yaro ba ya ja da ubansa. Ranar Litinin da na dawo daga allo, tsohuwar rigata ta gona na jawo.

Gwaggo ta fizge ta. Ta miƙo mini kayan makaranta a goge, ta tsaya har na sa, ta ɗora mini kujera a ka da hannunta. Sannan ta ɗaure ƙugu da gyale, ta zura takalmin taya, ta zari tsumagiyar da Baba ya jingine a zaure. Muka fita tare. Inda hanya ta rabu biyu ta nuna mini ta makaranta da bakin tsumagiya, ita ta gangara fadama.

Wana ne ya ba ni labarin abin da ya faru a can. Ya ce sun ɗaura doki suna jirana sai ga ta. Ta gaishe su, ta tsaya a bayan doki ta ce, "Bismillahi, Auta, cusa rakenka." Baba ya ce, "Yaya, mene ne haka?" Ta ce, "Ka ce doki ba zai bi kansa ba. Ga mai bin sa." Ta kaɗa tsumagiya, doki ya ja, inji ya fara kuka. Baba ya yi tsaye kamar an dasa shi. Can dai ya zauna ya ɗauki rake, yana cewa a ransa kafin azahar za ta gaji. Ya manta nono ɗaya suka sha.

Da yamma ta dawo tana tafe tana dafa bango. Ta zauna a tabarma ta rufe ido ta ce, "Maisuna, gobe ka ba malaminku haƙuri. Yau kam na ga ƙasa tana juyawa." Na fashe da kuka. Ta buɗe ido ɗaya ta ce in share majina in faɗa mata abin da aka koya mana.

Kafin mako ya zagayo labari ya cika gari ya tsallaka ƙauyukan kusa. Masu zuwa ɗiban ruwa suka riƙa bi ta bakin inji don su gani da idonsu. 'Yan kasuwa suna ɗaure kaya suna ƙus-ƙus. A makaranta yara suka sa mini ɗan mai doki, in na wuce su yi haniniya. Na yi dambe har leɓena ya fashe, Gwaggo ta ce in na sake ɓata lokacin karatu a kan dambe ita ma za ta ƙara mini. Liman ya kira Baba gefe bayan sallar azahar ya yi masa magana. Baba ya ce ba shi ya sa ta ba, ta bari mana. Aka tura wa Gwaggo tsofaffin mata, ta ce musu ita ba ta da matsala da kowa, aiki ta gani ba mai yi ta kama. Inna kuwa, mahaifiyata, ba ta da bakin shiga tsakanin ɗan'uwa da 'yar'uwa, sai dai ta dafa ruwan zafi ta aiko ɗakinmu.

Abin da har yau nake jinjinawa, gaisuwarsu ba ta fasa ba ko sau ɗaya. Kullum da safe Baba zai tsuguna a ƙofarta.

"Yaya, ina kwana? An tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Auta. Ya iyali? Ya ƙoƙari?"

"Alhamdu lillahi."

Daga nan kowa ya kama hanyar fadama, shi a gaba ita a baya, ba mai duban wani.

Ƙafafunta suka kumbura har takalmin taya ya daina shiga, ta koma tafiya ba takalmi a kan tukar rake. Ni ke gasa mata su da yamma in shafa man kaɗanya. Gwiwarta ta dama ta yi suntum. Ina shafawa tana cije baki tana tambayata lissafi. A aji kuwa jikina ne kawai ke zaune a kan kujera. Ina kallon allo ina ganin tsohuwa tana zagaye a rana saboda ni. Na ji kunya, na ji tsoro, na kuma ji haushin Baba irin wanda ban taɓa ji ba.

Wata safiya na isa inda hanya ta rabu, ƙafata ta ƙi bin ta makaranta. Na gangara fadama da kujerata a ka. Na ce a raina gara a rasa sakandaren da a rasa Gwaggo. Tun daga nesa na hango ta, tana jan ƙafar dama, doki na neman tsere mata. Akwai 'yan kasuwa a gindin bishiya suna jiran kaya. Ina dab da isa gwiwar ta ƙi ɗaukarta, ta zube a ƙasa, tsumagiya ta yi gefe. Doki ya ji shiru a bayansa ya tsaya. Inji ya yi tsit.

Na yar da kujera na ruga na ɗauki tsumagiyar. Na ce, "Gwaggo, ki bari haka. Ni zan bi shi. Na yafe makarantar."

Tana durƙushe ta ɗago ta dube ni. Ban taɓa ganin fushi irin wannan a fuskarta ba.

"Ajiye."

"Gwaggo, ƙafarki..."

"Na ce ajiye! Wa ya ba ka ikon yafewa? Kai ka yi tafiyar? Duk zagayen da na yi a nan wurin kana so ka mayar mini da shi wasan yara?"

Na ajiye. Wana ya taso daga gaban wuta zai ɗaga ta, ta ture hannunsa. Ta dafa ƙasa, ta dafa itacen inji, ta miƙe a hankali. Ta sunkuya ta ɗauki tsumagiyar. Ta ɗaga za ta kaɗa.

Baba na zaune da sandar rake a hannu. Ya ajiye ta. Ya tashi ya tuɓe rigarsa ta sama ya rataye a reshe, ya zo gabanta ya miƙa hannu.

"Yaya, kawo."

"In ba wa?"

"Ni."

"Kai da gemunka za ka bi doki?"

"Zan bi."

"Har yaushe?"

Ya dubi 'yan kasuwan nan, ya dube ni, ya dubi ƙafafunta.

"Har ya gama."

Gwaggo ta juya wajen masu jiran kaya ta ce, "Bayin Allah, kun ji dai." Suka ce sun ji. Ba wanda ya yi dariya. Ta sa masa tsumagiyar a hannu, ta ce wa wana ya koma cusa rake, ita ta ja jiki ta zauna a gaban kasko ta ɗauki muciya. Sai a lokacin ta tuna da ni.

"Kai kuma me kake jira? Ba ka ji an buga ƙarfe ba?"

Na ɗauki kujerata na zura da gudu. Da na hau tudu na waiwaya, na ga mahaifina, magidanci mai furfura a gemu, yana tafe a bayan doki kansa a sunkuye. Duk haushin da nake ji ya zube, tausayinsa ya kama ni. Na isa makaranta an daɗe da shiga aji. Na sha bulala, na yi tsallen kwaɗo har bakin ƙofa, ko gezau ban yi ba.

Haka aka ƙarasa ranin. Aikin ya ragu, don hannun wana bai kai na Baba sauri ba, kwanon rufin da Baba ya yi niyyar saya sai da ya jira wata shekara. Mutane sun yi maganarsu har suka gaji. Aka kai mu Makarfi a bayan akori-kura muka yi jarrabawa. Ranar da sakamako ya zo na shigo gida ina ihu na ci, na ci. Inna ta rangaɗa guɗa. Gwaggo tana kaɗa miya, ko juyowa ba ta yi ba.

"Shi ke nan an gama?"

"A'a, Gwaggo, yanzu za a shiga sakandare."

"To ihun na mene ne? Je ka faɗa wa ubanka, shi ya bi doki."

Sai da na girma na lura da abin da ke gabana kullum. Tun daga ranin nan gwiwar Gwaggo ba ta sake lanƙwasuwa ba. Matar da ba ta yarda ta jingina da bango in tana aiki, a zaune ta yi sallarta duk sauran shekarunta, ƙafa ɗaya a miƙe. In an tambaye ta sai ta ce tsufa ne. Ko a cikin faɗa, kuma mun yi faɗa da yawa, ba ta taɓa ce mini saboda kai ne ba.

Ya Allah, ga baiwarKa nan ta zo. Ka yafe mata zafin bakinta, Ka yalwata mata makwanci, Ka haɗa ta da 'ya'yanta da suka riga ta. Sallolin nan da ta yi a zaune Ka karɓe su a matsayin na tsaye. Ni shaida ne a kan inda gwiwar ta tafi.